Injin ban ruwa yana tashi lafiya, amma da ya kama ruwa sai ya shaƙe

Tambaya: Wani manomin rani daga yankin Auyo a Jihar Jigawa ya aiko da sallama, ya ce yana da injin ban ruwa mai bakin inci 3, mai ƙarfin doki 6.5, ƙirar China, yana ba alkama da albasa ruwa da shi. Ja ɗaya yake tashi, yana silo sumul, amma da zarar ruwa ya cika tiyo sai muryarsa ta faɗi, ruwan ya ragu, wani lokaci ma ya mutu. Ya canja fulogi sau biyu, ba ta sake zani ba. Bakaniken garinsu ya ce sai an kwance an sa sabon ringi. Yana tambaya ko ya yarda.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a gona. Kada ka bari a kwance shi tukuna. Injin da ringinsa ya cinye ba kasafai yake tashi da ja ɗaya ba, kuma yakan yi shuɗin hayaƙi, ya riƙa shan baƙin mai. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ka kwatanta ya fi kama da ƙarancin fetur a lokacin da injin ya fi buƙatarsa, kuma gyaran wannan sau da yawa ba ya cin ko sisi.

Dalilin da ya sa yake ruɗar mutane shi ne, a silo injin ba ya neman komai sosai. Ƙofar iskar kafireta kusan a rufe take, fetur ɗin da yake sha ta wata 'yar siririyar hanya yake bi. Da ruwa ya kama farfela, wato fankar da ke tura ruwa a cikin famfo, nauyi ya hau, sai gwamna, na'urar da ke daidaita gudun injin, ya wangale ƙofar, injin ya koma sha ta babban jet, wato ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, yana neman cikakkiyar iska da wuta mai ƙarfi da matsi mai kyau duk a lokaci guda. Duk abin da ya yi rabin lalacewa a nan yake bayyana. Jaki mai ciwon ƙafa ba a gane shi a turke, sai an ɗora masa mangala. Saboda haka duk gwajin da zan faɗa maka a bakin ruwa za ka yi shi, injin yana kan aiki.

Kafin komai, saurari muryar. Idan ruwa ya ragu amma injin ya ƙara gudu, ƙararsa ta yi sama, to ba injin ba ne, famfon ne yake zuƙar iska ko matacin bakin tiyo ya toshe, nauyi ya sauka daga kan farfela. Idan kuwa muryar ta yi ƙasa, ta yi nauyi kamar yadda ka ce, to ko injin ya rasa ƙarfi, ko wani abu yana riƙe farfela. Sannan ka lura da lokaci. Shaƙewar da ke zuwa nan take, da kama ruwa, ta fi nuna jet ko matatar iska ko gwamna. Wadda ke zuwa bayan minti 10 zuwa 20 na aiki ta fi nuna murfin tanki, kwayil (mai ba fulogi wuta), bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a kan injin) ko zafi.

Gwaji na farko da cok ake yi, wato hannun da ke rage iskar da ke shiga kafireta. Lokacin da ya fara shaƙewa, tura cok zuwa rabi a hankali. In ya farfaɗo, ya ɗauki murya, ka gama gano hanyar: fetur ne bai ishe shi ba, ko iska tana shiga ta inda bai kamata ba. In ya ƙara shaƙewa, baƙin hayaƙi ya fito ta salansa, to fetur ya yi masa yawa ko iska ta yi kaɗan, sai ka koma kan matatar iska. Akwai masu barin cok a rabi su yi ta aiki haka har ƙarshen rani. Injin zai yi, amma yana shan mai fiye da ƙima, fulogi yana baƙi, kuma abin da ya toshe yana nan.

A ce cok ya taimaka. Fara daga sama. Murfin tanki yana da 'yar kafar shaƙar iska. Idan ƙura ta toshe ta, mai yana sauka iska ba ta maye gurbinsa, sai man ya daina gangarowa. Sassauta murfin lokacin da injin ke shaƙewa, in ya dawo daidai cikin ɗan lokaci, murfin ne. Daga nan kashe injin, ka bari ya huce. A gindin kafireta akwai kofi, a gefensa akwai ƙaramin noti na zubar da mai. Tara farar kwalba, ka kwance shi, ka buɗe makunnin mai. Ya kamata fetur ya zubo ba yankewa har tsawon minti guda. In ya zubo da ƙarfi da farko sannan ya koma ɗiga, to hanyar ta toshe daga sama: ko matacin da ke bakin tanki ta ciki, ko tiyon mai da ya kumbura ko ya lanƙwashe, ko ƙaramin kofin dauɗa da ke ƙarƙashin makunnin mai, wanda sufana mai lamba 10 ke kwance shi. Wannan ita ce matsalar da ke sa injin ya yi minti ɗaya ko biyu da ƙarfinsa, ya shanye abin da ke kofi, sannan ya faɗi.

Ɗaga kwalbar ka duba ta a rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallon gilashi. Jan gari kuma tsatsar tanki ce. Yawancin masu noman fadama a jarka suke sayen mai wajen 'yan bumburutu, jarkar nan kuma wani lokaci an ɗebi ruwa da ita, ko ta kwana a buɗe cikin raɓa. Ɗigon ruwa ɗaya a gindin kofi ba ya hana silo, amma da injin ya ja da ƙarfi sai ya tsotso shi ya toshe bakin jet. Shinshina man kuma. Wanda aka haɗa da kananzir ko man dizal yana sa farin hayaƙi mai yaji, injin ya yi zafi, ya riƙa ƙwanƙwasa idan nauyi ya hau. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, juye tankin gaba ɗaya, ka ɗauraye da fetur mai kyau, kuma daga yau ka riƙa tace mai da tsumma mai tsafta.

In mai yana zuba sosai kuma yana da tsafta, saura babban jet, wanda ni shi na fi zargi. Rufe makunnin mai, kwance notin tsakiya na kofin da lamba 10, cire kofin a hankali kada robar bakinsa ta yage. Za ka ga wani bututu a tsakiya yana kallon ƙasa. Jet yana cikinsa, ɗan ƙaramin jan ƙarfe mai tsaga. Nemo sukundireba mai faɗin da ya cika tsagar daidai, don ƙarfen yana da laushi, in bakin ya lalace fitar da shi sai an sha wuya. Bayan jet akwai dogon bututu siriri mai ƙananan huji a jikinsa, turo shi daga sama ya faɗo. Mutane da yawa suna wanke jet su manta da wannan, alhali hujojin nan ne ke gauraya fetur da iska. Jiƙa su a fetur, ka zaro sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi ka bi kowane huji, ka hura, ka ɗaga wa haske har sai ka ga rami a zagaye. Kada a sa allura ko ƙusa. Suna faɗaɗa ramin, injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. Duba fulot ma, wato abin da ke yawo a kan fetur a cikin kofin, da allurar da ke jikinsa, su riƙa motsi ba maƙalewa.

Idan bayan wannan har yanzu sai da cok yake tsayawa, duba tsakanin kafireta da kan injin. Akwai baƙar roba mai tauri da gasket biyu a wurin. Robar tana tsagewa idan an ɗaure noti fiye da ƙima, gasket ɗin kuma wasu kan mayar da shi a juye, ko su yanko kwali su sa. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kan jet ba, don haka ba ta ɗauko fetur ba.

Yanzu ɗaya ɓangaren, inda cok ya ƙara dagula shi. Cire matatar iska na minti ɗaya kawai, a wurin da ba ƙura, ka sa shi aiki. In ƙarfi ya dawo, ita ce. Littafin injin yana cewa a wanke ta bayan awa 50, amma wannan lissafin ba na hunturun ƙasar Haɗeja ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ana aiki kullum, duba ta duk kwana biyu ko uku. Soson a wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai mai tsafta a matse har ya daina ɗiga. In akwai ta takarda a ciki, ba a wanke ta, bubbuga ta ake yi, in ta jiƙe da mai ko ta yage a sayi sabuwa. Abin da ba a yi shi ne jefar da matatar a ci gaba da aiki haka. Ƙurar nan yashi ce, ita ce take cinye ringi da silinda, kuma ta nan ne maganar bakanikenka za ta zama gaskiya.

In ka tarar da soson sharkaf da baƙin mai, an cika mai ya wuce ƙa'ida, ko an kwantar da injin a gefe lokacin ɗauko shi a babur. Irin wannan injin lita 0.6 yake ci. A ajiye shi a wuri mai daidai, man ya zo bakin ramin zubawa, shi ke nan. Ƙarancinsa ma yana da tasa matsalar: injinan da ke da na'urar kashe kai idan mai ya yi ƙasa sukan riƙa yanke wuta suna dawowa, musamman in an girke su a karkace a gaɓar kwalbati ko bakin rijiya. Gyara masa zama ka cika man kafin ka zargi wani abu. Ana juye man bayan awa 20 na farko a sabon inji, daga nan duk awa 100, a ƙura kuma gara a rage.

Ka ce ka canja fulogi sau biyu. Tsofaffin suna nan? Launinsu zai gaya maka abin da ke faruwa a ciki. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce. Fari fat, fetur ya yi kaɗan. Baƙi busasshe mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa, a nan ne ake fara tunanin ringi. Na asali ga injinan Honda GX160 da GX200, waɗanda na China mai lamba 168F ya kwaikwaya, shi ne NGK BPR6ES, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Ka sani kuma, ganin wuta a fulogi a waje ba ya nufin tana da ƙarfi a ciki. Cikin matsi tsallakawa ya fi mata wuya, kuma matsin ya fi yawa lokacin da injin ke ɗauke da nauyi. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙara, ja ko ruwan ɗorawa mai rauni ce. Hular fulogi tana lalacewa fiye da yadda ake zato, kuma ba ta da tsada. Kwayil kuwa halinsa shi ne ya yi aiki da sanyi ya gaza da zafi, don haka a gwada wutar nan take da injin ya mutu, kafin ya huce. Tazarar kwayil da filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan murfin igiya, milimita 0.4 ce.

Gwamna ba sai an kwance komai ba ake gane lafiyarsa. Tsuguna ka kalli ɗan hannun da ke saman kafireta, wanda doguwar waya ke ja, lokacin da ruwa ya kama. In ya buɗe har ƙarshe amma injin yana faɗuwa, gwamna ya yi nasa, injin ne ba ƙarfi. In bai buɗe ba, tura shi da yatsa kaɗan. In injin ya ɗauka da ƙarfi, to matsalar a gwamna take. Ko sifirin ya saki, ko an maƙala shi a ramin da ba nasa ba, ko notin hannun totur ya yi sako-sako girgiza tana mayar da shi baya, ko hannun gwamnan ya zame a kan sandarsa. Saitin wannan na ƙarshe a kashe ake yi: sassauta notin da ya damƙe hannun, tura hannun har ƙofar kafireta ta buɗe duka, juya sandar ta bi wannan ɓangaren har ta tsaya, sannan a ɗaure. An ƙera injin ya yi aiki a wajen zagaye 3600 a minti. Masu ɗaure gwamna da roba ko waya don ruwa ya ƙaru suna wasa da wuta, domin duk lokacin da famfo ya saki ruwa injin zai tashi da gudun da ba mai tare shi, sandar fistin ta fasa jikin injin.

Bayan waɗannan sai bawul, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi a karkara. Tazararsa tana raguwa da aiki, musamman na fitar hayaƙi. Da sanyi yana rufewa, injin ya tashi lafiya. Da ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, sai ya daina zama daidai, matsi ya riƙa zurarewa. Ana saita shi injin yana da sanyi. Cire murfin da ke da noti huɗu, cire fulogi, ja igiya a hankali har fistin ya zo can sama bawul biyun duka a rufe. Na shigar iska milimita 0.15, na fitar hayaƙi 0.20. Ana riƙe babban notin da lamba 14, a sassauta na samansa da lamba 10, a saita, a ɗaure, a sake aunawa don ɗaurewar tana motsa shi. Da siraran ƙarafan auna tazara ake wannan aiki, ba da ido ba. In bakanike ba shi da su, nemi mai gyaran janareta a Haɗeja ko Kafin Hausa, injin iri ɗaya ne. In tazarar ta yi yawa kuma, za ka ji ƙaf-ƙaf a kan injin, igiya ta yi tauri tana fizge hannu.

Salansa ma tana shaƙe inji. Kunkunniya tana taruwa a ciki, kuma injin da aka ajiye tun damina sau da yawa zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin bututun. Hayaƙin silo kaɗan ne, yana samun hanya. Na aiki ba ya samu. Kwance ta ka tayar da injin na ɗan lokaci, in ƙarfi ya dawo a ƙone ta a kakkaɓe. Cire murfin igiya kuma ka duba tsakanin haƙarƙarin silinda. Ƙaiƙayi da laka da sheƙar ɓera suna toshe hanyar iskar da ke sanyaya shi, a zafin Maris da Afrilu kuwa wannan kaɗai ya isa ya sa ya faɗi da rana tsaka. Yi masa inuwa da zana, amma a bar gefe a buɗe.

Wani abin da ya shafi masu rijiyar burtsatse a fadama: idan ruwa ya yi ƙasa a ƙarshen rani, akan haƙa rami a saukar da injin don ya kusanci ruwan, tunda irin wannan famfo ba ya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. A cikin rami injin yana shaƙar hayaƙinsa da zafinsa, ƙarfinsa ya ragu. Mafi muni, hayaƙin yana kashe mutum ba tare da ya ji wari mai tayar da hankali ba. A faɗaɗa ramin, a ƙara wa salansa bututu ya fito sama, kuma kada kowa, balle yaro, ya sauka ciki injin yana aiki.

Ba ka faɗa ko ka mayar da naka mai gas ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 manoma da yawa a Kura da Kadawa da kwarin Haɗeja sun koma tukunyar gas. In haka ne, ka sani dama ƙarfinsa kan ɗan ragu a kan na fetur. In tukunyar ƙarama ce ko ta kusa ƙarewa, ja mai yawa yana sanyaya ta har ta yi raɓa ko ƙanƙara a jiki, gas ɗin ya daina fitowa da ƙarfi, injin ya faɗi bayan ya yi aiki na wani lokaci. A yi amfani da babbar tukunya, a tsaye, ko a tsoma gindinta a bahon ruwa. Kada a kusantar da ita ga wuta ko salansa. Gas busasshe ne, don haka tazarar bawul tana saurin rufewa, a riƙa auna ta akai-akai.

Famfon kansa a duba shi kafin a yanke hukunci. Cire fulogi ka ja igiya a hankali. Ya kamata ta zo sumul. In kana jin gurzawa ko tana cijewa a wuri ɗaya, buɗe murfin famfo. Saiwar kacalla, leda, igiyar buhu da tsakuwa suna naɗewa a bayan farfela. In dutse ya taɓa tsayar da injin farat ɗaya yana cikin gudu, a duba ɗan ƙarfen da ke riƙe filawil a mazauninsa, don in ya goce lokacin wuta ya goce, ƙarfi ya tafi. Kada a tayar da famfo ba ruwa a cikinsa ko don gwaji, sil ɗinsa, mai hana ruwa yoyo, yana ƙonewa cikin ɗan lokaci.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake zuwa ga ringi, kuma shi ma yana da shaidunsa: shuɗin hayaƙi da ba ya ɗaukewa, baƙin mai yana raguwa kullum, fulogi mai maiƙo, iska mai ƙarfi tana busowa ta tiyon da ke fitowa daga murfin bawul, igiya kuma ta yi laushi. Kada laushin igiya shi kaɗai ya ruɗe ka, don waɗannan injinan suna da abin rage matsi lokacin tayarwa. Zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, ka mayar da fulogin, ka ja. In igiyar ta yi tauri sosai fiye da da, ringi ne. In ba ta canja ba, bawul ne ko gasket ɗin kan injin. In ta tabbata sai an kwance, ka tsaya a wurin a tura sabon ringin cikin silinda shi kaɗai a auna tsagar bakinsa. Faɗin silindar milimita 68 ne, tsagar kuma ya kamata ta kasance tsakanin milimita 0.2 da 0.4. In sabon ringi ya ba da tsaga mai faɗi sosai, ko farce yana kamawa a jikin silindar, to silindar ce ta cinye, sabon ringi kaɗai ba zai riƙe ba. A nan sai ka kwatanta kuɗin fistin da gyaran silinda da kuɗin sabon kan inji kafin ka biya.